Akwatin da Ya Ƙwanƙwasa Ruwan Kalgo

Albarka na cikin sauke buhunan gishiri a bakin kasuwar Gwandu ya hango akwatin, sai kawai ya saki buhun da ke kafaɗarsa. Direba ya dura masa ashar, bai ko waiwaya ba. Akwatin ƙarfe ne mai ruwan toka, da 'yar taga ta gilashi a gaba, an ɗaure shi da igiya a bayan wata motar gwamnati da ta tsaya gindin durumi ana ba ta ruwa. Rabonsa da ganin irinsa tun ranar da ya sauka daga jirgin ruwa, kuma ko a mafarki bai zaci zai gan shi nan ba, tsakanin masu tallan nono da jakunan mutanen Maruda.

Shi Albarka ɗan Sarkin Ruwan Kalgo ne. Soja ya kai shi yaƙin Bama, da aka gama bai komo gida ba, ya shiga aikin jirgi a Ikko. Daga wannan jirgi zuwa wancan, har ya faɗa wani mai zuwa can ƙurewar arewa, tekun da ƙanƙara ke yawo a kansa kamar tsaunuka, inda rana kan ƙi faɗuwa har mutum ya rasa lokacin magariba. Jirgin nan ba kamun kifi ya je ba, ƙidayarsa ya je. Akwati irin wannan shi ke aika ƙwanƙwasa cikin ruwa, in ta bugi ƙasa ko ta bugi kifi sai amon ya dawo, wata allura ta zana shi a jikin takarda mai tafiya. Aikin Albarka canza takardar da goge allurar. Da ya dawo Kalgo ya ba da labari, mutane suka yi dariya har da riƙe ciki, suka raɗa masa Albarka Ƙanƙara. Tun daga nan bai ƙara iya zama wuri ɗaya ba. Ya taɓa noma bai kai kaka ba, ya yi dako a Jega, yanzu ga shi karen mota.

Kafin ya ankara hannunsa ya buɗe tagar akwatin. Wani mai farar riga da alƙalami a aljihu ya diro daga gaban motar yana tambayar wa ya ba shi izini. Malam Abdulgani ke nan, malamin gona na En'e, hukumar sarki. Hayaniyarsu ce ta fito da mai akwatin daga zauren hakimi, wani dogon Bature mai jan wuya, ma'aikacin ofishin kifi. Albarka ya gaishe shi da Turancin jirgi, ya faɗa masa inda ya san abin. Baturen ya tambaye shi wane teku, wane irin kifi, me suke yi in igiya ta daskare. Albarka ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai Baturen ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna masa ƙaramin yatsa da babu kansa, ya ce sanyin can ne ya cinye. Tun da Albarka ya dawo, wannan ne mutum na farko da ya ji labarinsa bai yi dariya ba.

Akawun da aka koya wa aikin akwatin zazzaɓi ya kwantar da shi a Sakkwato, Baturen kuwa yana bukatar wani hannu. Nan take aka ɗauki Albarka. Sai da ya haye bayan motar ya rungume akwatin sannan ya tambayi inda za a.

"Kalgo," in ji Malam Abdulgani. "Gurbin Tsamiya."

Albarka ya ɗago kai. Gurbin Tsamiya shi ne zurfin da ruwa ke kwanciya bayan gulbi ya janye, shi ne ubansa ke riƙe da shi, kamar yadda kakansa ya riƙe. Rabin Kalgo daga cikinsa suke cin miya, su yi banda, su kai Birnin Kabi.

Malamin bai ɓoye masa komai ba. En'e na son a haƙa magudana a janye ruwan gurbin a ba fadama, a yi shinkafar rani. An ce a fara auna kifin. In yana da yawa a bar gurbi ga masunta, in babu a kawo masu diga bayan kaka. Baturen yini ɗaya zai yi a Kalgo, ya wuce Yawuri, daga can sai gida hutu, abin da ya rubuta kuwa shi ke nan. Malamin ya ƙara da cewa shi ba maƙiyin masunta ba ne. A yunwar da aka yi kwanan baya da hannunsa ya rufe 'ya'yan ƙanwarsa biyu a Malisa, kuma bai ga kifin da ya zo ceto ba.

Albarka ya ƙara rungume akwatin. Duk hanya yana tashi yana zama, ya kwance igiya ya sake ɗaurewa, har direban gwamnati ya leƙo ya tambaye shi ko kunama ce a wandonsa.

Washegari da hantsi suka shiga Kalgo. Labari ya riga su, bakin gurbi ya cika maƙil. Sarkin Ruwa Usman na zaune gindin tsamiyar da gurbin ya ci sunanta, tsoho mai farin gemu da hannuwa kamar saiwa. Ya amsa gaisuwar ɗansa a taƙaice, kamar jiya suka rabu. Kubura, yayar Albarka mai bandar kifi, ita ce ta tarbe shi da baki. Ta ce ashe Ƙanƙara ya narke ya gangaro gida, ta tambaye shi ko wannan ne akwatin da ke hira da kifi, in shi ne a tambayar mata kifin nan ragon ruwa ina ya ɓoye bara.

A lokacin ruwan a ɗaure yake. Kowace shekara in gulbi ya janye, Sarkin Ruwa kan ɗaure gurbi, ba homa, ba ƙugiya, ba kwale-kwale, sai ranar su, ranar da gari duka zai faɗa ciki kamun kifi. Tunda umarni daga sama ya zo, tsohon ya yarda kwale-kwale ya shiga, amma bisa al'ada. Ba a shiga ɗaurarren ruwa sai da sallama, sallamar kuwa kiɗa ce. Jibrin makaɗi da 'yan amshinsa su ke gaba, su buga, su yi kirari, don masu ruwa, kadoji da waɗanda ba a ambatar sunansu, su ji su kauce.

Albarka ya ji an faɗi haka, ya gyaɗa kai, ya koma kan wayoyinsa. Cikin kiɗan nan aka haife shi, kunnensa bai taɓa ɗaukar sa hayaniya ba. Hankalinsa na kan batirin da aka ciro daga mota, da sandan ƙarfen da za a rataya a gefen kwale-kwale bakinsa na cikin ruwa. Mutanen gari kuwa sun yi tasu shawarar tun jiya. A ranar su, in kiɗa ya yi zafi, kifi kan yi tsalle ya nuna kansa. Tunda ƙidaya aka zo yi, ai sai a taimaki baƙo ya gan su da kyau.

Kwale-kwalen na barin gaɓa Jibrin ya saki ganga. Kalangai suka amsa. Mata suka shiga ruwa iya gwiwa, suka kifa ƙore suna bugu da ludayi, samari suka jeru suna dukan ruwa da gora, guɗa ta ɓarke daga kowace kusurwa. Gurbin ya ɗauki rawa. Can da can kifi ya yi tsalle sau biyu, sau uku, jama'a suka yi sowa suna nuna wa Baturen.

Albarka na durƙushe gaban tagar. Allura na zana layin ƙasa, baƙi, mai kauri, yana sauka yana hawa. Samansa kuwa takarda fara fat. Suka kai tsakiya, fara. Suka juyo, fara. A nan ne ya tuna yadda akan yi a tekun ƙanƙara: jirgi ya rage gudu, ba mai jan sarƙa, ba mai yar da guga, kuku ma akan hana shi buga tukunya. Ya ɗaga kai ya dubi gefen gurbi, inda ciyawar burugu ta yi duhu. Ciyawar na motsi ba iska. Kifin duk ya gudu ciki, inda akwati ba ya gani.

Ya miƙe yana ɗaga hannu a tsaya. Jibrin ya ɗauka jinjina ce, ya ƙara wuta.

Da suka fito, Baturen ya warware takardar a kan cinyarsa, Malam Abdulgani ya leƙa ya kau da kai. Baturen ya ce ya san kiɗan ne, ba yaro ba ne shi. Amma ba zai rubuta abin da ya zata ba, sai abin da takarda ta nuna. Batiri zai ɗauki zagaye ɗaya kawai nan gaba, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Zai jira zuwa la'asar. A shiga shiru, ko ya tafi da wannan farar.

Albarka ya sami ubansa gindin tsamiya, ya durƙusa ya faɗa masa. Bai ƙarasa ba tsohon ya girgiza kai. Jibrin da ke kusa yana share gumi ya ce tun kakan kakansa ba a taɓa cewa gangarsu ta ɓata aiki ba, sai yau da ɗan gida ya zo da gwangwani.

"Baba, in ba a shiga shiru ba, gurbin ga ya tahi."

"In an shiga shiru ma ya tahi," in ji Sarkin Ruwa. "Wana Umaru shi ya taɓa shiga babu sallama, hularshi kaɗai munka ɗauko. Yanzu kana son in sa Bature cikin ɗaurarren ruwa, wani kada shi ɗauke shi, mi za mu ce ma gwamnati? Kuma ranar da samarin ga sunka ga an shiga shiru an hito lahiya, wa zai ƙara jin tsoron ɗauri na?"

Albarka ya tashi ya nufi mota, ya dawo. Ya je wajen Malam Abdulgani ya roƙe shi ya sa baki a ƙara kwana ɗaya, malamin ya ce ba shi ya tsara tafiyar ba. Ya zaga bayan tsamiya, ya tsinci kansa yana tunanin motar gishirin da ya bari a Gwandu, ko ta wuce Jega. Kubura ta kawo masa fura ya ƙi karɓa. Ta ce ya sha mana, ko a can ƙanƙara suke tauna. Ta ce tun suna yara shi da Baba halinsu ɗaya, kowa na magana da baki ba mai ba wani kunne, in da akwatin nasa na da baki da ya fi su iya shawo kan tsoho.

Ya tsaya cak yana kallonta. Sai ya juya ya ruga.

Bayan azahar ya lallaɓi uban zuwa bakin ruwa, inda kwale-kwalen ke ɗaure. Ya ce ba shiga za a yi ba, abu ɗaya zai nuna masa. Ya saukar da sandan ƙarfen cikin ruwa, ya duba ko Baturen na kallo, ya murɗa makunni. Ya ɗauki filafili ya tsoma faffaɗan bakinsa kusa da ƙarfen, ya kai ƙotarsa kunnen tsohon. Sarkin Ruwa ya ɗaure fuska. Can sai girarsa ta ɗaga. Ta cikin itacen yana jin ta, ƙanƙanuwa, a jere, ba ta fashi: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Albarka ya kashe da sauri don batiri. Tsohon bai saki filafilin ba. Ya tambaya ko haka abin ke yi duk tafiya, Albarka ya ce tun daga gaɓa har gaɓa. Ya tambaya wa ke ji, Albarka ya ce duk abin da ke ƙasa, kuma duk wanda ya ji sai ya mayar, mayarwar ce allura ke rubutawa.

Tsohon ya sauke filafilin daga kunnensa.

"Mu shekara da shekaru muna sallama, ba a taɓa amsa muna ba," ya ce a hankali. "Ashe wanga har amsa mishi a kai."

Ya sa aka kira Jibrin, ya yanke magana gaban jama'a. Akwati shi zai yi sallama. Amma ba a taɓa shiga ɗaurarren ruwa babu makaɗi ba, don haka Jibrin zai shiga da gangarsa, ya ɗora ta a cinya, ya zauna. Tuƙi kuwa shi Sarkin Ruwa da kansa, don in ruwa na da magana ta tsaya kansa. Jibrin ya ce an mai da shi kaya ke nan. Kubura ta ce ai da ma nauyinsa ya fi kiɗansa amfani, kwale-kwale ba zai yi tangal-tangal ba.

Ana idar da la'asar suka tura. Su huɗu ne: tsohon a baya da filafili, Jibrin a gaba, Baturen da Albarka a tsakiya kan akwati. A gaɓa Kubura ta tsaya da ludayi, duk wanda ya buɗe baki ta nuna shi. Gari guda tsaye ba tari, abin da Kalgo ba ta taɓa gani ba.

Albarka ya nuna wa uban yadda za a bi, miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan, a matsa kaɗan a juyo, kamar mai yin kunya a gona. Haka jirginsu ke keta teku kwana da kwanaki, sannan masu lissafi su ɗauki abin da aka gani ƙarƙashin layukan su ƙiyasta na sauran ruwan. Tsohon na tsoma filafili ba ko ɗigon ƙara.

Layin farko fari. Na biyu fari, sai ɗigo ɗaya kamar kashin ƙuda. Gumi na bin bayan Albarka. Ƙafarsa ta fara rawa, Baturen ya dafa masa gwiwa don kada kwale-kwale ya girgiza. A layi na uku ɗigo ya zama biyu, ya zama goma, ƙananan baka-baka kamar farce. Da suka hau zurfin tsakiya allura ta shiga zana wani duhu mai kama da hadari. Kifin ya baro burugu ya koma kwancinsa. Baturen ya fiddo fensir yana sa alama a gefe.

Sai wani zane ya fito daban, ɗaya tak, mai kauri da tsawo, yana barin ƙasa. Albarka ya zura masa ido. A kowace ƙwanƙwasa zanen na ƙara matsowa sama. Ya ɗago zai yi magana, ya ga uban ya riga ya gani, ba a takarda ba, a fuskar ruwa. Kumfa na tasowa a jere daga hannun dama.

Wani kada ya ɓullo kamu kaɗan daga inda Jibrin ke zaune. Kansa kaɗai ya kai tsawon filafili, bayansa ya yi gansakuka. A gaɓa wata mata ta toshe bakinta da gyale. Jibrin ya ɗaga makaɗin gangarsa sama. Bugu ɗaya zai kori kadan, ya kori kifin, ga rabin gurbi ba a bi ba, ga allura ta fara dusashewa. Albarka ya buɗe baki bai san abin da zai roƙa ba, a buga ko kada a buga.

Sarkin Ruwa ya miƙa filafilinsa ta kan kafaɗar Baturen, ya ɗora shi a hankali bisa fatar gangar.

"Ya ji sallama, Jibrin. Amsawa ya zo yi."

Kwale-kwalen na ta shawagi shi kaɗai. Akwati na ƙwanƙwasa. Kadan ya dube su da ido ɗaya, ya daɗe, sannan ya nutse ba ko motsin ruwa. A takarda zanen ya gangara ya koma ya kwanta kan layin ƙasa. Tsohon ya janye filafili ya ci gaba da tuƙi, amma Albarka ya ga gemunsa na ɗigar gumi.

Layi na ƙarshe da ƙyar allura ke taɓa takarda. Suna dab da gaɓa ta tsaya.

Gindin tsamiya Baturen ya shimfiɗa takardar, ya danne da duwatsu, ya yi ta aune-aune, Malam Abdulgani na rubuta masa. Albarka ya kasa tsayawa kusa, ya je ya mayar da batiri mota, ya dawo, ya sake komawa ya duba ko ya ɗaure. Daga ƙarshe malamin ya miƙe ya fassara wa jama'a. Kifin bai kai na labarin masunta ba, amma ya fi ƙarfin a zubar da shi don shinkafa. Ba za a taɓa Gurbin Tsamiya ba. Ya naɗe takardunsa fuska ba walwala, ya ce shi zai je ya duba fadamar Dangoma. Da zai wuce ya tsaya gaban Sarkin Ruwa ya ce Allah ya sa kifin ya riƙe su ranar da gero ya ƙi. Tsohon ya ce amin, kuma da gaske yake.

Sai a lokacin Jibrin ya sami gangarsa. Ya buge ta kamar ita ta yi masa laifi.

An tura motar kafin ta tashi. Baturen ya leƙo ya ce da Albarka ya hau, akwai babban ruwa a Yawuri, bayan Yawuri ma akwai wani. Albarka ya riga ya ɗora ƙafa kan taya sai ya ji an taɓa shi da itace a baya. Ubansa ne, da filafili a hannu. Tsohon bai dube shi ba, samarin da ke tsaye can gefe yake kallo, suna ƙus-ƙus suna nuna tsakiyar ruwa.

"Ka gan su? Sun ga an shiga shiru an hito. Daga yau ɗauri na ba shi tsare gurbin ga, sai ƙahwa. Ina son wanda ba ya iya zama, shi riƙa zagayawa har ranar su. Ni tawa ta gaji."

Albarka ya dubi akwatin, ya dubi samarin. Direba ya danna ƙaho. Ya sauke ƙafarsa, ya ja igiyar akwatin ya ƙara mata ƙulli, ya gaya wa Baturen a riƙa goge allurar kafin a rufe.

Ya tsaya yana kallon motar har ta shige bayan gonakin gero, tafin ƙafarsa na ƙaiƙayi. Kubura ta sake miƙo masa furar, wannan karon ya karɓa, amma a tsaye ya sha. Sannan ya saɓa filafili, ya bi gaɓa ta wajen burugu, inda samarin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.